Ƙarnin Kifi a Gemun Direba

A duk layin da ya taso daga bakin kasuwa ya gangara tashar mota, babu shagon da ya kai na Baba Mai Aski daɗewa. Ƙofarsa ta katako ce mai ganye biyu, ɗayan ba ya rufuwa sai an tallafe shi da gwiwa. A ciki kujera ɗaya ce, da madubi mai tsaga a kusurwa, da dogon benci na masu jira, sai 'yar kanta inda kayan aiki suke: aska uku, almakashi, kwanon ruwa, da dutsen washi wanda tsakiyarsa ta lotsa don daɗewa. Fatar goge aska tana rataye a ƙusa. Tawul kuwa ba shi da mazauni sai kafaɗar Baba ta hagu, har ana cewa da shi aka haife shi.

Sa'o'insa Ba-Kuskure suke kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, don bai ga dalilin jiran wani ya yi masa ba. Ya ce tun da ya kama aska bai taɓa fitar da jinin ɗan Adam ba. In ka ga jini, kai ne ka motsa. Ko fakewar ruwan sama bai taɓa yi a aji ba, amma masu manyan takardu sun sunkuyar masa da kai, ya juya su dama da hagu yadda ya ga dama, suka kuma biya shi. Irin mazan nan ne da aka daina yi. Gobarar da ta cinye kasuwa a bangon shagonsa ta tsaya. Ambaliyar da ta tafi da gada a kan gadar ta same shi, ta tafi ta bar shi. Motar da ta kife da su a hanya, shi ya fara fitowa ya taya ɗaga ta. Ciwon da ya kwantar da shi har aka fara aika wa dangi, ya tashi daga shi yana tambayar wa ya taɓa masa aska. Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya ji waɗannan huɗun a jere, kuma ba damar tashi, tunda aska tana maƙogwaro. Baba kan rufe da cewa duk cikinsu babu wanda ya rage shi da ko silin gashi.

Matarsa ce kaɗai ta san da sauran magana. Ciwon nan bai tafi hannu rabbana ba, ya tafi da hancin Baba. Ta gane ne ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus, ƙauri ya kai har maƙwabta, shi kuwa yana zaune a tsakar gida yana yaba ƙamshin girki. Ta rufa masa asiri, aka bar zancen a rufe shekara da shekaru.

To, abin da gobara da ambaliya suka kasa, zamani ya zo zai yi shi a hankali. Samari suka buɗe shagunan aski masu inji da fanka da talabijin, suka kwashe yara da matasa. Aka bar wa Baba tsofaffi, su ma sanƙo yana rigansa aiki. Wanda a da sai an share ƙasa bayan an gama masa, yanzu hurawa ɗaya ta isa. Benci dai kullum a cike yake, amma da masu hira. Cikinsu akwai Direba, tsohon matuƙin babbar mota mai gemu kamar tsintsiya, da Tela na shagon da ke jikin nasa, su biyun nan ba sa fashin aski duk mako.

Babbar 'yar Baba a asibiti take aiki. Uwata yake kiranta, kuma ita take cike kuɗin hayar shagon a ɓoye, har dai ta gaji da ɓoyon. Wata rana ta zo gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tana da magana. Ta ce hayar za ta ƙare ƙarshen damina, kuma mai ginin ya sami mai sayar da wayoyi da ke son wurin. In shagon bai iya ɗaukar kansa ba zuwa lokacin, a mayar da makulli, Baba ya dawo gida ya huta.

"Hutu na gawa ne, Uwata," in ji shi. "Ni da gobara ta gani ta ja da baya?"

"Baba, mai gini ba gobara ba ne, ba ya ja da baya. Ka haɗa da wani abu mana. Kowane shago a layin nan ƙafa biyu yake tafiya da ita, wani ma uku. Naka ne kawai yake ɗingishi da ɗaya."

Baba ya ce aska ce ta aurar da shi, ta gina masa gida, ta kai ita mai maganar makaranta, ba zai yi mata kishiyar sana'a da tsufansa ba. Matarsa tana tsintar shinkafa a gefe, ta ce a dai yi wa Allah a nemo wa shagon nan ƙafa, ko ta katako ce. In Malam ya dawo gida zama, ita za ta riƙa shan labarin gobara safe da yamma, kuma ita ba a yi mata aski ba balle ta ce ta rage asara.

Wanzami ba ya son jarfa, amma da Baba ya kwatanta kansa zaune a ƙofar gida yana korar kaji, sai ya sauko.

Da cajin waya ya fara. Aka jawo masa wuta daga shagon Tela, aka kafa allon soket. Da aka ce ya riƙa manna wa kowace waya lamba, ya ce wanda ya haddace kawunan unguwa guda ba zai ɓata a 'yan wayoyi ba. Sai dai kai yana da tabo da kunne da ƙeya, wayoyin nan kuwa duk baƙaƙe ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da ya miƙa wa wani mai gadi wayar wata mai kitso, bawan Allah ya wuni yana amsa kiran mata masu neman layi, Baba ya kwance soket ɗin, ya ce wutar ce ba ta da tarbiyya.

Ana nan sai ga Mai Kifi, wata mata mai tebur a bakin kasuwa, ta leƙo da wuƙa a naɗe cikin takarda. Ta ce mai washin da ke zagayawa da keke ya daina zuwa, wuƙarta ta dakushe har kifi yana yi mata dariya, ko Baba zai taimaka. Baba ya karɓa ya duba bakin wuƙar kamar likita. Ya tsoma dutse a kwanon ruwa, ya wasa, ya juya ya wasa, ya goga a fata, ya share da tawul ɗin kafaɗarsa, sannan ya gwada a gashin hannunsa, gashi ya zube. Haka maigidansa ya koya masa tun yana yaro: dutse ɗaya, kwano ɗaya, fata ɗaya, tawul ɗaya, ƙarfe kuma duk ƙarfe ne. Mai Kifi ta ajiye masa abin da ya fi kuɗin aski, ta tafi.

Kafin mako ya zagayo, duk masu kifin kasuwa sun ji. Mahauta suka biyo, masu yanka albasa a gidajen abinci suka biyo. Aka ajiye kwando a bakin ƙofa, da safe ya cika da dakusassun wuƙaƙe, da yamma ya koma fanko. Baba ya fara tafiya ƙirji a gaba. Ya aika wa Uwata cewa ta gaya wa mai wayoyi ya nemi wani wuri, don shagonsa ya fitar da ƙafa ta biyu, kuma ta ƙarfe ce.

Abin da bai sani ba, kuma ba shi da hancin sani, shi ne ruwan kwanon nan da fatar nan da tawul ɗin nan sun sha kifi sun sha albasa sun ƙoshi. Ba ya barin kowa ya taɓa kayan aikinsa, har matarsa ma. Shi yake ɗauraye tawul da kansa, a cikin kwanon nan dai, ya shanya a ƙusa. Ga shi kuma abin da askinsa ya yi suna da shi shi ne gashin ƙarshe: in ya gama, sai ya jiƙa tawul da ruwan zafi na fulas, ya lulluɓe fuskar mutum da kansa, ya danna a hankali har zafin ya ratsa.

Direba ya ji ƙarni tun yana kan kujera, amma ya ɗauka daga kwandon wuƙaƙe ne. Da ya shiga gida matarsa ta karɓi hularsa, ta tsaya, ta matso ta shinshina gemun. Ta tambaye shi ina nata kason. Ya ce kason me. Ta ce na kifin da ya ci a waje, shi da ya fita yana rantsuwa kuɗin cefane ba zai wuce wake ba. Direba ya rantse, ya kuma rantsewa. Mako ya zagayo, gemu ya sake dawowa da shaida. Ta ce ta gano shi: duk ranar da ya ce za shi aski, wurin soyayyen kifi yake zuwa, ya tsaya a yi masa ɗan gyaran fuska don rufe ido. Tun daga nan aka rage masa nama a miya, aka ce ai ya riga ya ci nasa.

Tela kuwa ƙudaje ne suka ɗauke shi aboki. Ya kishingiɗa da rana a kan yadin mutane, ya farka ya tarar kyanwa tana lasar masa sanƙo da ladabi.

A hankali kowa ya gano inda abin yake fitowa, sai Direba da fargabar gida ta hana shi tunani. Amma wa zai kalli Ba-Kuskure ya ce ya yi kuskure? Sai suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ciwon ƙafa ya hana shi zuwa, wancan ya ce ya yi baƙi. Direba ya ga zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ya bi ta bayan layi ya kai gemunsa wurin samari. Matar Baba ta ji ƙarni a rigunansa, ta ɗauka na sabuwar sana'a ne, ta ƙara masa sabulu kawai.

Abin da ya shigo ta ƙofa ya fita ta taga. Wuƙaƙe suna zuwa, kawuna sun ɗauke ƙafa, kuma ɗaya ba ta isa haya sai da ɗayar. Ranar da Baba ya hango Direba daga nesa, ya ga an yi wa gemun nan yankan inji, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai da ya zauna. Shekara nawa yana renon gemun nan. Ya rasa laifin da ya yi. Ya ƙara wa askarsa washi, ya ƙara wa tawul zafi, ya ƙara wa labarin ambaliya ruwa, duk a banza.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Damina ta ja baya, Uwata ta zo ganin shago da idonta, ta taho da mahaifiyarta. Suka tarar da benci wayam, Baba yana tsaye yana wasa wuƙar mahauci, kyanwa biyu suna zaune a ƙarƙashin fata kamar masu jiran layi. Uwata ta sa ƙafa a ciki, ta ɗan ja baya, ta kai gefen mayafi hanci. Ba ta kai ga magana ba sai ga matar Direba, wadda ta ji labarin washin Baba, da mijinta a baya yana riƙe mata kwandon wuƙaƙe, kai a ƙasa.

Ta yi sallama, ta gaida Baba, ta gaida uwar gida. Sai ta tsaya cak, hanci a sama.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wannan ai gemun maigidana ne."

Ta bi ƙarnin kamar mai bin sawu. Ta wuce kwando, ta wuce kwano, ta wuce fata, ta tsaya a gaban Baba. Ta nemi gafara, ta ɗan kama bakin tawul da yatsu biyu ta shinshina, ta sake shi da sauri.

"Baba, da wannan kake goge musu fuska?"

"Da shi nake goge fuskar manya tun ba a haife ki ba."

"Da shi kuma kake share wuƙar Mai Kifi?"

"Ƙarfe duk ƙarfe ne, 'yata."

Dariya ta kama ta har sai da ta dafa benci. Direba ya dire kwando, ya ɗaga hannu sama, ya ce Allah ya wanke shi tun a duniya. Ya ce a shaida, an hukunta shi a kan kifin da bai ci ba, don haka yana bin gidansa kifi, kuma babba, mai ƙwai.

Baba ya sauke tawul daga kafaɗa, ya kai hancinsa, ya ja numfashi mai tsawo yadda kowa zai gani. Ya ce shi dai ƙamshin sabulu yake ji.

 Tela da ya leƙo jin dariya ya tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Tawul ɗin da ko kyanwar tasha ta san da shi, mai shi ya ce sabulu. Baba ya dubi fuskokinsu, ya gane ya taka inda ƙasa ba ta da ƙarfi.

"Mura ce ta dame shi," in ji matarsa, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ayya. Tun yaushe?" in ji Tela.

"Ta ɗan kwana biyu."

Baba ya yi tari sau biyu don tabbatarwa. Uwata ta dubi mahaifiyarta, ta dubi mahaifinta. Ba a banza take aikin asibiti ba, ta san murar da ba ta zuwa da majina. Ta haɗiye abin da ta gane, ta ce lalle murar bana ba ta da kyau.

Ta fita, ba ta jima ba ta dawo da sabbin tawul biyu, fari da ja, da sabon kwano, da dutsen washi, da sabuwar fata. Tsohon tawul aka jefa bayan shago, kyanwoyin suka raka shi. Baba ya so ya yi gardama a kan koyarwar maigidansa, matarsa ta ce maigidansa bai taɓa yi wa kifi aski ba. Aka wanke askar da ruwan zafi da sabulu, aka tura Direba kan kujera. Baba ya zagaya gemun yana girgiza kai, yana tambayar ko da lauje aka yi wannan aikin. Ya daidaita shi, ya gasa da farin tawul. Da ya ɗauke, matar Baba ta buɗe jakarta ta fito da 'yar kwalbar turaren da take haɗa wa kanta tun tana amarya, ta ɗiga a auduga, ta miƙa masa ya shafa wa gemun, wai don a kori abin da ya saura.

Matar Direba ta matso ta shinshina, irin shinshinar da ta saba. Ta sake shinshinawa. Ta tambayi nawa ne kwalbar.

Matar Baba ta ce ba na sayarwa ba ne.

"Na sayarwa ne," in ji Uwata. "Mama, ga ƙafa ta uku."

A nan tsaye ta yanke yadda za a yi. Wuƙaƙe a waje ƙarƙashin rumfa, da dutsensu da kwanonsu da jan tawul, kuma da safe kawai. Kawuna a ciki, da farin tawul. Mama ta kafa ɗan tebur a bakin ƙofa da kwalaben turare, kuma duk tawul ɗin da zai hau fuskar mutum sai ya bi ta gaban hancinta, har murar Baba ta warke. In an yarda, makulli ya zauna a aljihun mai shi, a gani. Mama ta ce ita fa don kunnenta ya huta ta so a bar shagon, yanzu kuma a kawo ta har bakin rijiyar labarin. Uwata ta ce ita ma da ta biya haya ba don daɗi ta biya ba.

Labarin gemun Direba ya zagaya layi kafin la'asar, kuma ya fi kowace talla. Waɗanda suka gudu suka dawo suna dariya, kowa da nasa labarin ƙuda ko kyanwa. Mata suka gano dabara: su ba maigida wuƙaƙe ya kai washi, ya zauna a gyara masa fuska kafin a gama, ya dawo musu da kwalbar turare a aljihu. Ƙarshen damina ya zo ya wuce, mai gini ya karɓi haƙƙinsa daga hannun Baba, ba daga jakar Uwata ba, mai wayoyi kuma ya kama shago can kusa da tasha.

Yanzu labaran kujerar Baba sun zama biyar. Bayan gobara da ambaliya da mota da ciwo, sai ya gyara riƙon aska ya ce saura na kifi. Ya ce masu karatu sun ɗauka kuskure ne, alhali shiri ne tun daga farko: mutum ba ya sanin darajar turare sai ya yi wata guda yana ƙarni. Wanda ke kan kujera ba ya musu, aska tana maƙogwaro.

Mama tana bakin ƙofa tana ɗura turare a kwalba, ba ta musa masa ita ma. Audugar shafa turare tana gabanta tuli guda, kuma kullum da safe, kafin ta sayar da komai, takan fara gutsurar biyu ta toshe kunnuwanta a ƙarƙashin ɗankwali.